Shin Mai Gaskiya Ya Yi Asara? Darasi Kan Arziki, Sa'ada Da Manufar Rayuwa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci mutum, ya ba shi hankali, ya kuma bar masa zaɓi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo ya taso ne daga wata tambaya wadda muke yawan ji a bakin matasa idan sun kewaye butar shayi a fada. Muna kuma jin ta a bakin dattawa bayan an idar da salla, sai dai su dattawa da murya ƙasa-ƙasa suke yin ta. Ga mutum biyu a gari ɗaya, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Na farko idan ya auna maka gero sai tiya ta cika har ta zuba. Ba ya cin amana, ba ya hana aro. Na biyu kuwa da kaka yake bin ƙauyuka yana sayen hatsi da araha a hannun waɗanda bashi ya matsa wa, ya kulle a mangaza, sai damina ta yi nisa, rumbuna sun yi wayam, sa'an nan ya buɗe ya sayar yadda ya ga dama. Shekara goma ta wuce. Na biyu ya gina gidan siminti, ya sauke farali, shi ake sa wa gaba a kowace sabga. Na farko kuwa akuyarsa ta ƙarshe ya ja zuwa kasuwa domin ya sami abin sawa a tukunya. Sai mai tambaya ya ce: to, Malam, a cikinsu wane ne ya ci riba? Kirkin nan da kuke ta wa'azinsa, me ya tsinana wa mai shi?

Sau da yawa abin da muke yi shi ne mu daka wa mai tambayar tsawa, mu ce imaninsa ya yi rauni. Wannan kuskure ne. Alƙur'ani mai girma da kansa bai ɓoye wannan damuwa ba. A Suratul Ƙasasi, daga aya ta 76 zuwa ta 82, ya ba mu labarin ranar da Ƙaruna ya fito cikin adonsa, mutanen garinsa suka bi shi da kallo suna burin ina ma su ne. Ba a share zancensu ba, an kawo shi an kuma amsa shi. Saboda haka mu ma sai mu zauna mu duba.

Inda tambayar take da zafi

A ƙasar Arewa wannan magana ba ta cikin littafi ba ce. Daga Dogonkiriya da Sukukutan har Tibiri, Dumega da Geceme, rayuwar yawancinmu tana rataye ne a kan damina ɗaya ta wata uku zuwa huɗu, da gero da wake, da abin da rumbu ya iya riƙewa har wata kakar. Tarihinmu cike yake da shekarun da rumbun bai kai ba. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Akwai ta 1931 wadda fara ta jawo wa yammacin Nijar. Akwai ta 1973 zuwa 1974, wadda har ta shiga cikin dalilan kifar da gwamnati a watan Afrilu na 1974. Akwai ta 1984 zuwa 1985 da ake kira El-Buhari, domin ta haɗu da rufe iyakar Nijeriya.

Ta 2005 ita ce ta fi kusa da zancenmu. Ƙarancin ruwa da fara sun taɓa amfanin gonar 2004, amma abin da ya fi ba masu lura mamaki shi ne, a tsakiyar wahalar nan akwai hatsi a kasuwanni. Kuɗinsa ne ya gagari talaka. Buhun gero da ake samu a wajen jika 10 bayan girbi, kafin watan Yuli ya kai kusan jika 30 a wasu kasuwanni. Tun a 1981 wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Indiya, Amartya Sen, ya rubuta littafi a kan yunwar Bengal ta 1943 da wasu irinta, har da ta Sahel, inda ya nuna cewa jama'a suna iya mutuwa da yunwa alhali abinci bai ƙare a ƙasa ba, ikon mallakarsa ne ya kuɓuce musu. Ashe kenan a yunwa akwai rabon sama, akwai kuma rabon hannun mutane. Wannan rabo na biyu shi ne ya sa tambayar matasanmu ta zama tambayar ɗabi'a.

Amsoshi biyu masu sauƙi

Amsa ta farko da muke gaggawar bayarwa ita ce: ka yi haƙuri, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, shi kuma mugu zai ga ƙarshensa tun a nan. Wani lokaci haka ɗin ke faruwa. Amma wanda ya daɗe a duniya ya san masu gaskiya da aka binne ba su bar ko jaki ba, ya kuma san azzalumai da suka mutu a kan gado mai laushi, 'ya'yansu suka raba gado lafiya. Ƙaruna ƙasa ta haɗiye shi, gaskiya ne, sai dai ba a yi mana alkawarin cewa kowane Ƙaruna haka zai ƙare a gaban idonmu ba. Idan muka koya wa yaro cewa gaskiya jari ce da ke dawo da riba a aljihu, to ranar da ya ga ba ta dawo ba zai watsar da ita, kuma mu muka jawo.

Amsa ta biyu ita ce: hisabi yana lahira. Wannan gaskiya ce wadda babu Musulmin da ke shakkar ta, kuma in ba domin ita ba da haƙƙin mutane da yawa ya tafi ke nan. Amma akwai yadda muke faɗar ta har ta koma kamar muna cewa mai ha'inci shi ya mori duniya, mai gaskiya kuwa ya yi asarar ta, an dai ce ya jira diyya. Wanda ya ɗauki maganar haka, a zuciyarsa ya riga ya yarda cewa zalunci shi ne daɗi, tsoron wuta kaɗai ya hana shi. Irin wannan mutum, da zarar Shaiɗan ya raɗa masa cewa ai ƙofar tuba a buɗe take, ka tara yanzu ka tuba da tsufa, shi ke nan ya tafi. Alhali kuwa aya ta 97 ta Suratun Nahli ta haɗa imani da aiki nagari da rayuwa mai daɗi, kuma da yawa daga masu tafsiri sun ce tun a nan duniya ake nufi, wasunsu suka fassara ta da wadatar zuci, wasu da arzikin halal. To, wace irin rayuwa mai daɗi ce wannan, wadda mai sayar da akuyarsa ta ƙarshe zai iya samu?

Misalin layar zana

Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, masanin Girka Aflatun, wanda malaman Musulunci na farko suka san littattafansa, ya kawo wannan matsala da wani misali. An ce a ƙaddara wani makiyayi ya tsinci zobe wanda in ya juya shi ba mai ganinsa. A ba mai adalci irin zoben, a ba azzalumi, sa'an nan a ga ko aikinsu zai bambanta. Mu a nan ba mu buƙatar zobe, domin mun san abin da ake kira layar zana a tatsuniya da hirar 'yan tauri. Ba muna gaskata ta ba ne, misali kawai muke yi. A ce an ba ka ita, ba ɗan sanda, ba alƙali, ba maƙwabci, ba wanda zai taɓa sani. Za ka cika tiya?

Amfanin wannan misali shi ne yana raba mutum da abin da yake faɗa game da kansa. Wanda zai tauye awo idan ba a ganinsa, ashe ba gaskiya yake so ba, sunan mai gaskiya yake so. Addininmu ya rushe layar tun daga tushe, domin a hadisin Jibrilu an bayyana ihsani da cewa mutum ya riƙa aiki da sanin Allah yana ganinsa. Amma akwai wani shaida na biyu da layar ba ta iya ɓoye wa, shi ne mai layar da kansa. Duk abin da mutum ya aikata a ɓoye, ko ba wanda ya gani, ya zama mutumin da ya aikata shi, kuma da wannan mutumin zai kwana ya tashi har mutuwa.

Ku lura da mai ɓoye hatsin nan. Ba ya son a kira shi da sunan aikinsa. Yana son a ce masa mutumin kirki. In aka cuci ɗansa a awo sai ya tada jijiyar wuya. Watau shi ma ya san bambancin kyau da muni, ba sai an karanta masa ba. Malaman aƙida sun daɗe suna muhawara a kan ko hankali ne ke gane kyau da muni ko kuwa sai da wahayi. Mu'utazilawa suka ce hankali ya isa. Ash'arawa, waɗanda littattafansu ne aka fi karantawa a zaurukanmu, suka ce hankali yana gane cewa gaskiya kamala ce, ƙarya naƙasa ce, amma lada da azaba ba a sanin su sai ta hanyar Manzo. Ko a ƙasarmu muna da shaida. Kakanninmu da yawa ba su karɓi Musulunci ba sai a ƙarni na 20, kuma Lugu da Bagaji sun daɗe suna riƙe da al'adun gargajiya, duk da haka sun san cewa cin amana abin kunya ne, kuma ba a cin tuwo a bar baƙo yana kallo. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa an aiko Annabi (S.A.W.) ne domin ya cika kyawawan ɗabi'u, ba a kuwa cika abin da babu tushensa.

Abin da harshenmu ya riga ya sani

Kalmar arziki daga Larabci ta zo, daga rizƙu. A yau in aka ce wane ya yi arziki, kuɗi ne ke zuwa mana a rai. Amma ku saurari yadda tsofaffi ke amfani da ita. Ɗan arziki ba ɗan attajiri ba ne, yaro ne mai ladabi. Zaman arziki shi ne zaman mutunci. In aka ce a rabu da arziki, ana nufin a rabu ba da faɗa ba. Haka kishiyarta, tsiya: tana nufin rashin abin hannu, tana kuma nufin mugun hali, har ana iya cewa attajirin nan tsiya gare shi, kuma ba wanda zai ce an yi tufka da warwara. Hausa ta ajiye wani ilimi a nan wanda muke neman mancewa, cewa arziki iri biyu ne, na hannu da na hali, kuma mutum yana iya samun ɗaya ya rasa ɗaya. Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya buga ɗan littafi a 1974 a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, ya tattara siffofi 10 da ya ji ana auna mutum da su, irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da adalci. Babu dukiya a cikinsu. Wannan ya dace da hadisin Abu Huraira (R.A.) da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya mayar da wadata ta haƙiƙa ga zuciya maimakon yawan kaya.

Malamai sun bambanta jin daɗi da sa'ada. Jin daɗi shi ne abin da gaɓa ke samu in ta sami abin da take so, kuma yana ƙarewa da ƙoshi. Kwanon tuwo na farko ni'ima ne, na huɗu azaba. Sa'ada kuwa hali ne na rayuwa gaba ɗayanta. Ibnu Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya yi bayanin ta a Tahzibul Akhlaƙ yana amfani da abin da ya ga ya dace daga Aristo. Imamu Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, ya ɗora maganar a kan Alƙur'ani da Sunna a Ihya'u Ulumiddini da Mizanul Amal da Kimiya'us Sa'ada. Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce. Kowane abu daɗinsa yana cikin yin abin da aka halicce shi dominsa: ido da gani, kunne da ji. Ita ma zuciya an yi ta ne domin wani abu, shi ne sanin Allah da son gaskiya. Zuciyar da aka saba mata da ha'inci tana kama da majiyyacin da ke jin ɗacin zuma, yana kuma marmarin cin ƙasa. Marmarin nasa ba shaida ba ne cewa ƙasa abinci ce, shaida ne cewa ba shi da lafiya.

Da wannan ma'auni sai lissafin mutanenmu biyu ya sauya. Mai mangaza ya sami kuɗi, amma ga abin da ya biya. Ya koya wa zuciyarsa ta riƙa murna in hadari ya watse, ta yi baƙin ciki in ruwa ya sauka, domin damina mai kyau faɗuwar farashi ce gare shi. A sallar roƙon ruwa bakinsa yana cewa amin, cikinsa yana cewa a ɗan jinkirta. Mutumin da ya kai ga jin daɗin yunwar maƙwabcinsa ya yi asarar wani abu da ba a sayar da shi a kasuwar Kore Mairuwa ko ta Matankari, kuma mafi munin abin shi ne ba ya jin zafin rashinsa. Mu a ganinmu wannan ita ce asara mafi girma, tun kafin a je ga kabari.

Kada dai a fahimce mu a karkace. Gazali bai ce talauci sa'ada ba ne. Da ya zo lissafin ni'imomin da ke kai mutum ga sa'ada, bayan na rai, watau hikima, jarunta, kamewa da adalci, ya sa na jiki kamar lafiya da ƙarfi, ya sa na waje kamar dukiya da iyali, sa'an nan ya rufe da dacewa daga Allah. Dukiya guzuri ce, matafiyi kuwa yana buƙatar guzuri. Annabi (S.A.W.) ya nemi tsari daga talauci da nauyin bashi. Uban da ya binne ɗansa a daminar 2005 saboda tamowa, ba za mu tsaya a gabansa mu ce masa ai kai ne mai sa'ada ba; wannan rashin kunya ne. Annabi Yaƙubu (A.S.) ya yi kuka har ganinsa ya tafi, Annabinmu ma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da za mu iya faɗa kawai shi ne, wannan uba musiba ta same shi daga waje, shi kansa bai lalace ba. Wanda ya kulle hatsin kuwa ba abin da ya same shi daga waje, a ciki ɓarnar take.

Don me aka yi mu?

Kowane ɗalibi ya san aya ta 56 ta Suratuz Zariyati, wadda ta ce bauta ce manufar halittar mutum da aljan. Matsalarmu ita ce mun ƙuntata ma'anar bauta har ta koma abin da ake yi a kan buzu kaɗai, shi ya sa mutum zai iya tsare sahun farko ya kuma riƙe tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, bai ga wani karo ba. Malam Ragib Al-Isfahani, a littafinsa Azzari'a, ya fitar da manufa uku daga Alƙur'ani: raya ƙasa, kamar yadda ya zo a aya ta 61 ta Suratu Hudu, bauta, da halifanci, watau mutum ya tafiyar da abin da ke hannunsa bisa adalci a madadin Mai shi. Bisa wannan, manomin da ke fitar da dankalin Turawa da rani a fadamun Dogondutsi, da matar da ke tashi tun asuba ta daka, da direban da ke kawo hatsi daga nesa, duk suna cikin aikin da aka halicce su dominsa, muddin niyya ta gyaru kuma ba a ci haƙƙin kowa ba. Aya ta 2 ta Suratul Mulki ta ce jarrabawar a kan kyawun aiki take, ba ta ce yawansa ko yawan abin da ya kawo ba.

Akwai mutum biyu da suka kai ƙololuwar abin da mutane ke nema, suka ga bai ishe su ba. Gazali ya zama babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, ɗalibai wajen 300 suna zaune gabansa, fada tana girmama shi. A 1095 ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ne ya fi yawa a ciki, har harshensa ya ƙulle ya kasa karantarwa, ya bar komai ya tafi Sham. Na biyu maƙwabcinmu ne, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, ko da yake tarihin Arewa da Gwandu ba kullum ne na zaman lafiya ba. A wajen 1807, jihadi yana cin nasara, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Haramaini, domin kamar yadda ya bayyana a Tazyinul Waraƙati, ya ga niyyar mutane da yawa ta karkata ga mulki da tara abin duniya. Abin lura shi ne, ba wanda ya dawwama a gudun a cikinsu. Mutanen Kano sun tsayar da Malam Abdullahi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a, ya karantar da tafsiri, ya koma gida ya ci gaba da ɗaukar nauyin jama'a. Gazali ma ya koma karantarwa a Naisaburi a 1106. Aikin da suka bari shi suka koma wa, niyyar ce suka wanke.

Komawa kasuwa

Adalci ne mu faɗi cewa ba kowane mai ajiye hatsi ne mai laifi ba. Annabi Yusufu (A.S.) ya ba da shawarar a ajiye amfanin shekara bakwai a cikin zangarniyarsa, wanda shi ne abin da muke yi da damman gero a rumbu har yau. Manomin da ya ajiye abin da ya noma, da magidancin da ya tanadi abincin shekara, da falken da ya ɗauko kaya daga wata ƙasa ya sha wahalar hanya, malamai ba su sa su cikin masu ɓoye abinci ba, kuma in ba domin fatake ba da yunwa ta fi haka muni. Wanda hadisin Ma'amar ɗan Abdullahi (R.A.) a Sahihu Muslim ya kira mai saɓo shi ne wanda ke kwashe abin da ke kasuwa ya riƙe, alhali riƙewar tana cutar da jama'a. A mazhabar Malikiyya cutarwar ita ce ma'auni, kuma idan larura ta kai, hukuma tana da ikon tilasta a fito da abincin a sayar. Rancen buhu ɗaya da damina a biya biyu da kaka kuwa, riba ce tsantsa, ko da wane suna aka sa mata. Tauye awo kuma sura guda aka saukar da sunan masu yin sa.

Daga nan sai tambayar ta juyo kanmu. Idan a garinmu mai gaskiya ne ke kwana da yunwa, mai ha'inci kuma shi muke shimfiɗa wa darduma a gaba, mu tashi tsaye in ya shigo, mu kai masa takardar neman taimakon ginin masallaci ba tare da tambayar komai ba, to wa ya koya wa matasa cewa kirki asara ne? Su ba kurame ba ne, ba kuma makafi ba. Suna jin huɗuba, suna kuma ganin wanda ake girmamawa, kuma abin da ido ya gani ya fi zama.

Annabi (S.A.W.) ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ar saboda in abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai. Sayyidina Umar (R.A.), a shekarar yunwar da ake kira Amur Ramada, shekara ta 18 bayan Hijira, ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu. Mu ma muna da gayya, muna da zakkar hatsi, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, rabin haka ga abin da aka shayar da wahala. Muna da bankunan hatsi da aka kakkafa a ƙauyuka bayan manyan fari, domin a saya da kaka a sayar wa 'yan gari da rahusa da damina. Dabara ce mai kyau, amma da yawansu sun durƙushe, kuma a wurare da dama ba fari ne ya kashe su ba: wasu sun ci bashi sun ƙi biya, wasu an ba su mabuɗi sun ɗauka layar zana aka ba su. Ko mangazar jama'a ba ta tsayuwa sai an sami mutumin da zai cika tiya ba mai kallonsa, irin mutumin nan da muka fara da shi, wanda ake tambaya ko ya yi asara.

Saura hukuncin sayen amfanin gona tun yana tsaye, wanda mutane da yawa suka tambaye mu a kansa. Shari'a ta halatta cinikin salam, watau a biya kuɗi yanzu a karɓi hatsi daga baya, amma da sharuɗɗa game da biyan kuɗin, da sanin awo, da sanin lokaci, kuma yawancin abin da ake yi a ƙauyukanmu bai cika su ba. Wannan shi ne darasinmu na gaba in Allah ya kai mu. Muna roƙon 'yan'uwa masu awo a kasuwa, duk wanda ya sami hali, ya zo da tiyar da yake saye da ita da wadda yake sayarwa da ita, domin a gwada su a gaban jama'a bayan sallar La'asar.